Tankar Jamus Da Kuzar Jos: Wa Ya Kamata Mu Tuna?

Ranar wata Asabar na tarar da samari a ɗakin kwanan ɗalibai sun yi cincirindo a kan kwamfuta, suna kallon fim ɗin Fury na 2014. Da tankar Jamus mai suna Tiger ta bullo, sai ɗaki ya kaure da sowa, wani har yana cewa Jamus ba ta da na biyu a ƙira. Ban yi musu da shi ba, amma abin ya tsaya mini a rai. Mun san sunan tankar da aka ƙera a birnin Kassel, amma ba mu san abin da wannan yaƙi ya yi wa ƙasar da muke takawa kullum ba.

Bari mu ba tankar haƙƙinta. Kamfanin Henschel ya fara ƙera Tiger a 1942. Nauyinta ya kai wajen tan 57, bakin bindigarta milimita 88, kuma tana iya fasa tankar abokan gaba tun daga nesa. An yi yaƙi da ita a kusa da Leningrad, da Tunisiya, da kuma gumurzun Kursk na 1943. Wadda aka gani a fim ɗin ma ta gaske ce: sojojin Ingila ne suka kama ta a Tunisiya a 1943, tana nan ajiye a gidan tarihi na Bovington.

To, amma Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Daga 1942 zuwa 1944 Tiger 1,347 kacal aka ƙera. Ƙanwarta, Tiger II, mai nauyin kusan tan 70, ba ta kai 500 ba. Ita kuwa Amurka ta ƙera Sherman kusan 50,000, Tarayyar Sobiyat ta ƙera T-34 fiye da haka. Ga shan mai, ga yawan lalacewa, ga nauyin da gadoji da yawa ba sa iya ɗauka. Da yawa daga cikinsu direbobinsu ne suka fasa su da kansu suka tsere, saboda mai ya ƙare ko inji ya tsaya. Ashe wanda ya fi mai, da ma'adinai, da hannayen ma'aikata, shi ya ci yaƙin.

A nan ne Jos ta shigo cikin labari. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, inda daular Ingila ke samun mafi yawan kuzarta. Kuza kuwa ba a yin yaƙin zamani sai da ita: da ita ake liƙa wayoyin lantarki, ana gauraya ta a ƙarafan da ke cikin injuna, da ita ake shafe gwangwanin abincin soja. Sai ido ya dawo kan tsaunukan Filato. Gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar aikin tilas, wanda mutane suka laƙaba wa suna “ɗiban gwamna”. Ta hannun En'e aka riƙa yanka wa kowane lardi adadin mutanen da zai kawo. Tsakanin 1942 da 1944 an kwaso mutum wajen 100,000 daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, kamar yadda masanin tarihi Bill Freund ya nuna a littafinsa na 1981 kan ma'aikatan kuza.

Mai karatu, kai da ka san sanyin Jos a watan Disamba, ka kwatanta manomin da aka ɗauko daga ƙasa mai zafi, ba bargo, ba isasshen abinci, yana tsaye cikin ruwa da tabo yana ɗaukar ƙasa a ka. Ciwon haƙarƙari da gudawa sun kashe da yawa, wasu kuma suka gudu cikin dare. Gonakin da suka bari a gida suka rasa mai nomawa. Su ma Birom da sauran mutanen Filato sun biya nasu kuɗin: an tone musu gonaki, an bar musu tafkunan da har yau muke gani a Bukuru, da Rayfield, da Barikin Ladi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wani zai ce wannan aikin 'yan sashen Tarihi ne, ina ruwan ɗalibin Hausa? A ganina ruwanmu ne tsundum. A barikin kuza Hausa ce ta haɗa Basakkwace da Tibi da Birom da Babarbare. Ni kaina ba da ita aka haife ni ba, kuma bariki na cikin hanyoyin da suka yaɗa ta a garuruwanmu. Waƙoƙin da leburori suka rera, da habaicin da suka yi wa helima, da labaran da suka koma gida da su, duk adabin baka ne, kuma Bature bai rubuta su a fayil ba. Wanda yake ɗan shekara 18 a 1942 yau ya haura 100. Saura 'ya'yansu, su ma sun manyanta.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman 'yan ajin ƙarshe masu neman batun kundin digiri: wayar da muke kallon fim da ita tana ɗaukar murya. Mu shiga mota mu je Bukuru, mu zauna gaban tsofaffi, mu tambaye su abin da iyayensu suka faɗa musu game da ɗiban gwamna, mu rubuta da Hausa. Ita Tiger tana da gidan tarihi da masu share mata ƙura. Leburan kuza kuwa, idan mu ba mu rubuta shi ba, wa muke jira?