Daga Allon Malam: Ƙadangarun Da Ba Su Da Namiji

A wannan wata za mu leƙa hamadar kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meksiko, inda ake samun wasu 'yan siraran ƙadangaru masu doguwar wutsiya kamar bulala. Abincinsu gara da sauran ƙwari. Daga cikin ire-irensu akwai fiye da goma waɗanda duk mata ne, babu namiji ko ɗaya, amma suna yin ƙwai, ƙwan kuma ya ƙyanƙyashe.

Wanda ya fi suna shi ne na Jihar Niyu Meksiko. Asalinsa barbara ce tsakanin iri biyu dabam, kamar yadda jaki da goɗiya ke haifar alfadari. To amma alfadari ba ya haihuwa, ita kuwa wannan ƙadangaruwa tana yi, ita kaɗai.

Ta yaya? A ƙa'ida ƙwan mace rabin zaren gado yake ɗauka, namiji ya kawo sauran rabin. A shekarar 2010 Peter Baumann da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa waɗannan matan sukan ninka zaren nasu tun kafin a raba shi. Saboda haka ƙwai ke fitowa da cikakken kasonsa, 'ya ta fito sak uwarta. 'Yan makaranta, ku riƙe wannan.

Duk da haka ba su bar al'adar kakanninsu ba. Tun 1980 David Crews ya ba da rahoton cewa mace takan hau 'yar'uwarta kamar namiji, daga baya su yi musanya. Ba abin da ɗaya ke ba ɗaya, amma waɗanda ake hawa sun fi yawan ƙwai bisa ga wadda aka tsare ita kaɗai.

Ribar a fili take: kowace ɗaya na yin ƙwai, sai su yaɗu da sauri. A ganina dai hasarar ta fi abin tsoro, manomin rogo kuwa zai gane ta. Itacen rogo ake yankawa a dasa, don haka gonar da aka dasa daga tushe ɗaya jininta ɗaya ne, cutar da ta iya kama ɗaya tana iya cinye duka. Haɗarin da ke kan ƙadangarun nan ke nan, tun da babu namijin da zai kawo sabon jini.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.