Makaranta a tsakar gida: wa ke ɗauke da nauyin?

Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, iyaye da yawa sun ɗanɗani abin da malaman firamare ke sha. A Amurka wasu ba su mayar da yaran ba ko bayan an buɗe. Hukumar ƙidaya ta ƙasar ta gano cewa gidajen da ke koyar da 'ya'yansu da kansu sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a watan Afrilu zuwa kashi 11.1 a watan Oktoba na shekarar. A gidajen baƙar fata kuwa, daga kashi 3.3 aka kai 16.1.

Hotunan koyarwa a gida da ake yaɗawa a Instagram gwanin sha'awa: tebur tsaf, littattafai a jere, yara sun nutsu. Amma yinin uwa mai ƙananan yara ba haka yake tafiya ba. Za ta zaunar da ɗan shekara shida yana haɗa baƙaƙe, 'yar shekara uku na jan zaninta ita ma a ba ta fensir, na goye ya farka da kuka, ga tukunya a kan wuta. Lissafi sai ya koma kicin, ana ƙirga cokula da ƙwayar wake. Wata rana yaron ya ce atafau ba zai karanta ba, kuma babu hedimasta da za a kai ƙara wurinsa. Ita ce malama, ita ce mai horo, ita ce mai lallashi idan an gama.

Karatun kansa ba ya cin lokaci sosai. Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923, wadda iyaye da yawa ke bin tsarinta har yau, ta ce kada kowane darasin ƙaramin yaro ya wuce minti 20, bayan an gama darussan a bar shi ya fita ya ga tsirrai da tsuntsaye. Abin da ke gajiyarwa shi ne na bayan fage: shirya darasin gobe bayan yara sun yi barci, neman abokan wasa tunda babu 'yan aji, da cike takardun hukuma. A jihar New York sai iyaye sun miƙa tsarin karatun shekara, su cika awa 900 ga 'yan firamare, su kai rahoto sau huɗu a shekara. A Texas ko sanarwa ba a nema daga wanda bai taɓa sa ɗansa makaranta ba. Jamus ta haramta abin baki ɗaya, har wani iyali mai suna Romeike suka bar ƙasar zuwa Amurka a 2008 suna neman mafaka.

Kuma a mafi yawan gidaje uwa ce ke ajiye aikinta ko sana'arta domin wannan. Mai cewa koyarwa a gida ta fi makarantar kuɗi araha, bai sa albashin da ta rasa a lissafi ba.

Ƙasar Hausa ba baƙuwar karatun cikin gida ba ce. Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru, jajinta, wato malamanta mata, suna kai ilimi ga mata har ƙauyukansu, kuma yara da yawa a bakin uwa suka fara jin Fatiha kafin su riƙe allo. Sai dai kwaikwayon Amurka kai tsaye akwai haɗari. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye a Najeriya sa yaro firamare da ƙaramar sakandare, amma miliyoyin yara na gararamba a titi. Inda babu jami'in da zai leƙo ya ga me ake koyarwa, "muna koya mata a gida" na iya zama sabon uzurin ɗora wa yarinya farantin talla.

Abin da ya fi dacewa a ara shi ne gajeren zaman nan na kullum. Minti 20 bayan magariba, a buɗe littafin da yaro ya dawo da shi daga makaranta, a saurari karatunsa, a gyara masa. Wannan ba ya buƙatar kowa ya bar aiki, kuma maigida ba shi da hujjar barin shi a hannun uwargida ita kaɗai.