Shigo da Inji Daban, Shigo da Fasaha Daban

A watan Agustan 2017 Yemi Osinbajo, yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya buɗe kamfanin shinkafa na WACOT a Argungu, wanda aka gina don sarrafa tan 120,000 a shekara. Manoman fadamar Rima sun sami kasuwa, matasa sun sami aiki. Sai dai akwai tambayar da ya kamata a riƙa yi wa duk wata masana'anta irin wannan: ranar da inji ya tsaya, wa ake kira?

Injin casar shinkafa na zamani ba ƙarfe ba ne zalla. Akwai na'urar da ke tsince baƙar ƙwaya da kyamara, akwai manhajar da ke sarrafa ta. Kamfanin waje da ya ƙera irin wannan na'ura yakan sayar da ƙarfen ya riƙe manhajar da sirrin saitinta. Idan ta lalace, sai an jira injiniya ya hawo jirgi, a biya shi da dala. Wannan ciniki ne kawai, fasahar tana can inda ta fito.

Najeriya ta ga irin wannan. Tun 1975 Peugeot ta fara haɗa motoci a Kaduna, amma shekaru suka shuɗe ana ɗaure sassan da aka zana a Faransa. Sin ta bi wata hanya. Daga 2004, da ta buƙaci jiragen ƙasa masu gudu, ta gindaya wa kamfanoni irin su Alstom da Kawasaki da Siemens sharaɗin aiki da kamfanoninta tare da koya musu ƙira. Yau ita ke sayar wa wasu jiragen.

Wayar da ke hannun matasa ma misali ce. Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya yi nazarin Afirka sosai: sim biyu, batir mai jimiri, kyamarar da ke fito da baƙar fata. Ya buɗe masana'antar haɗa waya a Habasha a 2011, amma hedikwatarsa tana Shenzhen. Mai gyaran waya a Nasarawa ta Birnin Kebbi ya iya canza sikirin da bakin caji, kuma a bidiyon YouTube ya koyi yawancin abin da ya sani.

Wani zai ce wanda ya kawo jari shi ke da ta cewa, matsa masa kuma korarsa ne. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin Kebbi ba Sin ba ce. Amma Kebbi ma ba hannu rabbana take zuwa teburin ba: tana da fadama, ruwa, manoma, kuma gwamnati ce ke ba da fili.

Doka ma tana nan. Hukumar NOTAP, wadda asalinta ya koma 1979, ita ke rajistar yarjejeniyoyin fasaha tsakanin kamfanonin gida da na waje. Abin da ya rage shi ne gwamnatin jiha ta rubuta sharuɗɗanta ƙarara: ma'aikata nawa za a horar, a wace shekara ɗan gida zai karɓi ragamar injin, ɗalibai nawa daga Kwalejin Waziri Umaru za su yi sanin makamar aiki, kuma a miƙa littattafan gyara.

Matasan da ke koyon rubuta manhaja da haɗa sola su ne za su ci moriyar waɗannan sharuɗɗa. Su ya kamata su fara tambayar wakilansu a majalisar jiha tun kafin a yanka kyallen buɗe kamfani na gaba.