Dawakin Damagaram da batun sojan jiran kira

A shekara ta 2020, bayan harin Inates da na Shinagodar, gwamnatin Nijar ta bayyana niyyar ninka sojojinta daga 25.000 zuwa 50.000. Ciyar da soja kullum kuwa nauyi ne babba a kan baitulmali, kuma Damagaram ta san wannan matsala tun zamanin sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884.

A lokacin, kowane mai sarauta shi ke ɗaukar nauyin dawakinsa da baradensa daga amfanin ƙasar da aka ba shi. In an buga tambari, sai ya kawo su ƙofar fada. Ƙarfin rundunar ƴan lifida ne, doki da mahayi duk cikin auduga mai kauri wadda kibiya ba ta hudawa da sauƙi, wasu har da sulke. Tanimun ya ƙara da ƴan bindiga da igwa ƙirar birni.

Tsarin ya rage wa fada ɗawainiya, amma horo da makamai ba su bi zamani ba. A Tirmini, cikin watan Yuli na 1899, bindigogin Faransawa suka watsa rundunar Amadu Kuran Daga a yini guda.