KAFIN A ƊORA WA WAYARKA BULOWA DA SUNAN GYARAN SABIS, KARANTA WANNAN

Yau magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya na zo da ita, kuma na san wasu abokan sana'ata za su ji haushina. Sai dai su yi haƙuri.

Makon jiya wani bawan Allah mai tuƙa adaidaita ya kawo mini wayar yayarsa a cikin leda, ko kunnuwa ba ta yi. Matar tana sana'ar cincin da alkaki, ta WhatsApp take karɓar oda. Gilashin wayar ne ya fashe aka canza mata, daga nan sabis ya fara ɗaukewa. Aka kai wa wani mai gyara, ko buɗewa bai yi ba ya ce "IC ɗin netwok ce". Ya karɓi kuɗi, ya sa bulowa ya gasa fanel. Bai yi ba, ya sake gasawa. A karo na biyu waya ta mutu.

Da na buɗe, wallahi sai da raina ya ɓaci. Siririyar wayar eriya, wadda ke tasowa daga ƙaramin fanel na ƙasa zuwa babba, a cire take. Wanda ya canza gilashi ne ya manta bai maƙala ta ba. Aikin da ɗan yatsa zai gama cikin minti ɗaya. Yanzu lambobin kwastomominta da hotunan yaranta suna cikin fanel ɗin da zafi ya kumbura.

Ba zan wanke kaina ba. Lokacin ina yaron shago ni ma na taɓa kashe wayar wani dattijo da irin wannan aikin, domin haka na ga ana yi. Shi ya sa nake da bakin magana.

MATSALAR SABIS BA CUTA ƊAYA BA CE

Idan wayarka ta rubuta No Service, abin da ta gaya maka kawai shi ne ba ta iya gaisawa da ƙarfen sabis ba. Ba ta gaya maka dalili ba. Dalilin zai iya zama daga kamfani, ko daga layinka, ko saitin waya, ko manhaja, ko eriya, sai can a ƙarshe IC. Mai gyaran da ya tsallake duk waɗannan ya kama bulowa, tamkar likita ne da ka ce masa cikinka na ciwo ya ɗauko wuƙar tiyata.

Ka tuna watan Satumba na 2021 da aka rufe sabis a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Ka tuna Afrilun 2022 da aka hana layukan da ba a haɗa da NIN ba yin kira. Ka tuna 14 ga Maris 2024 da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, data ta koma tafiyar hawainiya. A duk waɗannan lokutan wayoyin mutane lafiyarsu ƙalau. Wanda ya bari aka gasa masa fanel a irin wannan ranar, asara ya yi a banza.

ABIN DA ZA KA DUBA DA KANKA, KYAUTA

1. Musanya sim. Ka sa naka a wayar wani, ka sa na wani kamfani a taka. Idan naka ya ƙi aiki a ko'ina, ofishin kamfanin layinka za ka nufa. Idan wayarka tana kama sabis amma kira ne ba ya fita, bincika ko rufe layin aka yi.

2. Danna *#06#. Lambar IMEI mai lambobi 15 za ta fito. Idan babu komai, ko wayar tana rubuta Invalid IMEI, sau da yawa filashin da aka yi da ganganci ne ya goge ta, musamman a wayoyi masu injin MediaTek irin yawancin Tecno da Infinix. Wannan a manhaja ake fara nemansa.

3. Shiga saitin, wajen zaɓen netwok, ka cire shi daga atomatik ka ce ta nemo da kanta. Idan ta jero maka MTN, Airtel, Glo, to kunnenta yana ji. Idan ta ga naka amma ta ƙi shiga, ko dai layin ne, ko ɓangaren da ke tura siginal. Idan ba ta ga kowa ba alhali wayar na kusa da kai tana gani, a nan za a fara zargin eriya.

4. Idan kira yana tafiya data ce ta ƙi, duba APN. Na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo gloflat, na Airtel internet.ng.airtel.com. Mafi sauƙi ka danna Reset to default a wajen.

5. Tilasta ta ta tsaya a 2G kaɗai, sannan 3G, sannan 4G, ka lura a wanne take faɗuwa. Wannan bayanin zinare ne ga mai gyara na gaskiya.

6. Ka san ba kowace waya ce ke jin kowane zango ba. Lokacin da Glo ya fito da 4G a 2016 a kan zango na 28, wato 700MHz, wayoyi da yawa a hannun mutane ba su da shi. Haka wasu wayoyin da aka kawo daga Amurka a kulle suke da kamfanin can. Ko ka canza IC goma, zangon da ba a ƙera wayar da shi ba ba zai fito ba.

7. Daina yarda da sandunan sabis na saman gilashi, kowane kamfanin waya da yadda yake zana su. Ka nemi lamba. A Android da yawa *#*#4636#*#* yana buɗewa, a Samsung *#0011#, a iPhone *3001#12345#*. Za ka ga lamba mai alamar ragewa a gaba da dBm a baya. A 4G, -80 sabis ne mai ƙarfi, -100 da dama-dama, -115 kuwa ya kusa yankewa. Ajiye wayarka gefen wata mai lafiya, layin kamfani ɗaya, a 4G duka. Idan waccan tana -85 taka tana -110, lallai akwai ciwo a jikin taka.

NA'URAR DA YA KAMATA A CE KOWACE KASUWAR WAYA TANA DA ITA

To a ce ka yi duk wannan, ciwon a jikin wayar yake. Ta yaya za a san wane ɓangare ne ba tare da canki-canka ba?

Akwai na'ura da aka ƙera domin wannan. Aikinta ta kwaikwayi ƙarfen sabis a kan teburinka. Wayar za ta ɗauka da kamfani take magana, ta yi rajista, ta yi kira, ita kuma na'urar tana auna komai. Da irinta masana'antu ke gwada waya kafin ta fito kasuwa. Wadda ta yi suna ita ce CMU200 ta kamfanin Rohde & Schwarz na Jamus, tana yin 2G da 3G. Ƙanwarta CMW500 tana yin 4G. Akwai kuma 8960 ta Agilent.

Ga abin da take nuna maka. Waya mai lafiya a GSM 900 tana iya tura ƙarfin wat 2, wato 33 dBm. A GSM 1800 wat 1, wato 30 dBm. A 4G kuwa 23 dBm. Duk ragin 3 dB yana nufin rabin ƙarfin ya tafi. Idan na'ura ta umarci waya ta yi magana da iya ƙarfinta sai ta ba da 20 a inda ake jiran 33, to IC ɗin da ke ƙara ƙarfin turawa ko hanyarsa ce ke da laifi. Sannan na'urar tana rage nata muryar a hankali don ta ga inda wayar za ta daina ji. A GSM ana son waya ta ci gaba da ji har wajen -102 dBm. Idan ta kurumce tun da wuri a dukkan zanguna, duba eriya da makunnin da ke rarraba siginal. Idan a zango ɗaya ne kaɗai, duba matacin wannan zangon. Ka ga yanzu idan za a sa zafi, an san inda za a sa shi da dalilinsa.

Amma fa na'urar ma sai an iya saita ta, in ba haka ba ƙarya za ta yi maka da lambobi. Ga inda ake yawan tuntuɓe:

Sim ɗin gwaji take so. Lambar ƙasa ta Najeriya a tsarin waya 621 ce, ta Nijar 614, amma netwok ɗin gwaji 001 da 01 yake amfani da su. Ka sa sim ɗinka na kullum, waya ta ƙi shiga, sai ka ɗora mata laifin da ba nata ba. A 3G da 4G kuma dole mabuɗin sirrin da ke cikin sim ɗin ya zo daidai da wanda aka rubuta a na'urar.

Zango da tasha su dace da abin da wayar ke iya ji.

Igiyar da ta haɗa waya da na'ura tana cinye wani abu daga siginal. Dole ka gaya wa na'urar nawa take ci. Ka manta da wannan, waya mai lafiya ta fito a matsayin marar ƙarfi.

A sa wayar cikin akwatin ƙarfe mai toshe siginal. Yana hana ƙarfen sabis na unguwa shiga cikin gwajin, yana kuma hana naka fita ya dami wayoyin maƙwabta. Watsa siginal a fili a zangon da kamfanoni suka biya lasisi a NCC laifi ne, kar wani ya ce ni na koya masa.

Na ƙarshe, kullum ka fara da wayar da ka tabbatar lafiyarta ƙalau. Idan ita ma ta faɗi, to saitinka ne da matsala.

NA SAN ABIN DA ZA A CE

Za a ce, "Kai yaro, ka san kuɗin na'urar nan kuwa?" Na sani, ta fi ƙarfin shago ɗaya, nawa ma ciki. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kusan kowace kasuwar waya tana da ƙungiya, ana karɓar kuɗin wata, ana haɗa kuɗin janareta da na masu gadi. Me zai hana a sayi ta hannu guda ɗaya, a ajiye a ɗaki ɗaya, a horar da yara biyu, duk mai buƙata ya biya kuɗin gwaji? Yadda likitoci ke tura mutum ɗakin gwajin jini, ai ba kowane ne ke da injin a ofishinsa ba. Ga masu ƙwazon kwamfuta kuma akwai manhajojin kyauta irin srsRAN da Osmocom da ake haɗawa da ƙaramin akwatin rediyo. Ba su kai manyan wajen auna ƙarfi daidai ba, amma za su nuna maka ko waya tana iya rajista da kira.

Za a ce, "Shekara goma muna gyara babu na'ura." Gaskiya ne, kuma akwai ogogin da na durƙusa na koya a wajensu, hannunsu akwai albarka. Amma Oga, wayoyin da suka tashi kake ƙirgawa. Waɗanda suka mutu a ƙarƙashin bulowa, aka ce wa mai su "dama ta riga ta lalace", wa ya ƙirga su? Kuma wayar da ka koya a kanta a zamanin Nokia mai tocila zango biyu gare ta. Ta yau tana da fiye da goma, a fanel mai hawa-hawa, wasu IC ɗin an zuba musu gam a ƙasa. Zafin da zai ɗaga guda ɗaya yana iya motsa ƙwaƙwalwar da ke gefenta.

Za a ce, "Kwastoma ba ya biyan kuɗin dubawa." A nan kuma kai mai karatu, laifinka ne. Idan na ɓata awa ɗaya na gano saitin ne kawai, sai ka ce, "Haba Malam, ai ba ka canza komai ba," ka miƙo mini kuɗin ruwan leda. Wanda ya ce maka IC ce kuwa ka ƙirga masa dubbai kana godiya. Da hannunka kake koya wa masu gyara cewa ƙarya ta fi gaskiya riba. Ka biya kuɗin ilimi, ya fi maka arha a kan sabuwar waya.

IDAN KA JE SHAGO

Kafin ka bar gida, ka kwashe lambobinka zuwa asusun Google ko iCloud, hotuna ma haka. A shago ka yi tambaya uku cikin ladabi. Me ka gwada? Me ka gani da ya sa ka ce IC ce? Idan aka sa zafi waya ta mutu, wa zai ɗauki asara? Mai gyara na ƙwarai zai ji daɗin tambayar, ya nuna maka wayar eriya, ya nuna maka abin da mita ta karanta. Wanda ya harzuƙa ya ce, "Ni za ka koya wa aiki?", karɓi wayarka ka yi masa sallama.

Ku kuma 'yan uwana masu gyara, ko ba mu da babbar na'ura, muna da sim biyu, da mita, da waya mai lafiya ta kwatance, da idon da zai duba eriya. Mu fara da su. Wayar da ke kan teburinka jarin wata ce, kuma amana ce za a tambaye ka a kanta. Ni dai a taron ƙungiyarmu mai zuwa zan miƙe in kawo maganar sayen na'urar gwaji, ko da dariya za a yi mini.

Idan an taɓa kashe maka waya da sunan gyaran sabis, ba mu labari a ƙasa, amma kar a ambaci sunan kowa ko shagon kowa. Ka tura wa wanda ka san wayarsa na ɗauke sabis kafin ya kai ta kasuwa. Allah ya ba mu halal, ya tsare mu da cin haƙƙin wani.