Waƙoƙin Ƙunci da Bangaskiya a Majami'un Hausa: Giɓin da Manazarta Suka Bari

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta sake kafuwa a Tsibiri, kusa da Maraɗi, daga baya wani reshenta ya zauna a Sabon Birni. A Tsibirin nan ne mishan ɗin SIM ya buɗe tasha, aka sami Gobirawa Kirista masu rera waƙoƙin ibada da harshensu. Har yau manazarta adabin Hausa ba su ba waɗannan waƙoƙi kulawar da ta dace da su ba.

Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, ƙungiyoyin mawaƙan majami'u, musamman Zumuntar Mata, suka riƙa ɗebo jigo daga labarin Ayuba, da koken Dawuda a Zabura, da shan azabar Almasihu. Wasu waƙoƙin fassara ne daga Turanci, amma da yawa ƙirar gida ce: jagora tana bayarwa, 'yan amshi suna karɓa, kiɗan tulu yana riƙe da rauji. Duk abin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka game da turke, tubalan gini da salo, yana hawa kansu daidai.

Za a iya cewa wannan fage na masu nazarin addini ne. Sai dai waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi ma addini ne tsantsa, kuma a kansu aka gina nazarin rubutacciyar waƙa. Ma'aunin adabi harshe ne da fasaha, ba aƙidar mawaƙi ba. Hasali ma, haƙuri, jarrabawa da dogara ga Allah kalmomi ne da ɓangarorin biyu suka yi tarayya a kansu, kuma kwatanta yadda kowa yake sarrafa su zai fito da abin da Bahaushe yake nufi da wahala.

Buƙatar ta ƙara tsananta yanzu da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka a Sabon Birni da Isa, jama'a suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Yadda al'umma take furta baƙin cikinta cikin waƙa, a masallaci ko majami'a, shaida ce ta tarihi. Galibin waƙoƙin matan nan a ka suke, ba a takarda ba. Tsohuwa ɗaya ta rasu, sai ta tafi da nata. Ya kamata sassan nazarin Hausa a Sakkwato, Kano da Zariya su tura ɗalibai su naɗe su tun masu su suna raye.