Baƙo Raɓa Ne: Magana a Kan Bisharar Mako Biyu

Hanyar da ta fita daga Wagadugu ta nufi Ziniare da Kaya da Dori, ta Kossodo take bi. Unguwa ce ta masana'antu. Nan babbar mayankar birnin take, nan injinan lantarki suke ruri dare da rana, nan kuma Hausawa masu harkar shanu da fata suke neman abincinsu, har da 'yan tsirarun masu bi daga Nijar da Nijeriya. Duk wanda ya daɗe a bakin hanya irin wannan ya san wata mota da takan wuce da rani. An ɗaure injin majigi da janareto a bisanta, cikinta samari da 'yan mata ne sanye da riga iri ɗaya, suna waƙa, za su ƙauye aikin bishara. Bayan kwana goma ko mako biyu sai ga ta ta komo. Ran Lahadi a tashi a majami'a a ba da rahoto, a ce mutum kaza suka ɗaga hannu, a yi tafi, a rera waƙar godiya. Da wuya a sami dattijon da zai tashi bayan wata shida ya ce, ina mutanen nan suke yanzu?

Daga Turawa aka koyi wannan al'ada. Tun da tafiya a jirgin sama ta yi sauƙi, ikilisiyoyin Amurka da na Turai suka shiga aiko da matasansu Afirka na ɗan lokaci, ƙungiyoyi irin su Youth With A Mission, wadda aka kafa a 1960, suka buɗe wannan ƙofa sosai. Rashin zaman lafiya ya rage zuwan Turawa Burkina Faso tun daga 2016, amma ikilisiyoyin birni sun riga sun gaji halin, suna yi wa ƙauyawa daidai abin da aka yi musu. Gaskiya ɗaya ce, ko da za ta yi ɗaci: yawancin irin wannan tafiya ta fi amfanin mai zuwa a kan wanda aka je wurinsa.

A duba abin da yake faruwa a ƙauyen. Baƙin ba su jin More, ba su jin Fulatanci ko Gurmanci, sai ta bakin tafinta. Ba su san wanda yake gaba da wani ba, ba su san gidan da aka yi rasuwa makon jiya ba. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Mutumin ƙauye kuwa mai kara ne. Wanda ya taso daga nesa, ya nuna masa majigi kyauta, ya ba 'yarsa maganin zazzaɓi, in ya ce a ɗaga hannu, kunya ma ta isa ta sa ya ɗaga. Sai a ƙidaya hannun a rubuta a littafi. Mai bisharar ƙauyen, wanda damina ta bar shi da dami kaɗan a rumbu, shi zai yanka kajinsa don kada a ce ikilisiya ba ta iya karɓar baƙi ba. Matarsa za ta yini a rijiya tana jan ruwan wankan mutum ashirin. Da mota ta ɗaga, aiki ya fara. Yaron da ya ba da gaskiya da zuciya ɗaya, mahaifinsa ya kore shi daga gida, wa zai ba shi wurin kwana? Wa zai koya masa karatu har ya iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa? Wa zai nema masa mata? Sauran jama'a kuma sun ga an raba riguna da sabulu, sun ɗauka mai bishara yana da wata taska da yake ɓoyewa. In bai ba su ba, sai ya zama marowaci ko maci amana. An bar masa bashin da ba shi ya ci ba.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ba a son a taɓa. Abin da mutum ɗaya zai biya na jirgi daga Amurka zuwa Wagadugu da komawa ya isa ya riƙe mai bishara da iyalinsa watanni masu yawa. Ko tafiyar 'yan birni, in aka haɗa hayar mota da mai da abinci da ɗinkin riguna, ta isa ta saya masa babur, ko ta biya wa 'ya'yansa makaranta. Amma baiko don tafiya yana da saurin taruwa, gama akwai hotuna da za a nuna. Albashin mai bishara ba shi da hoto.

Masu kāre wannan hanya sukan ce ai zuwa da kai ya fi aike, sukan kuma kawo misalin almajiran da Ubangiji ya aika biyu biyu, da Bulus wanda bai daɗe a Tasalonika ba. To, a karanta labarin duka. Almajiran nan cikin mutanensu aka aike su, masu harshe ɗaya da su, an kuma hana su ɗaukar guzuri, wato su ne mabukata a gidan da suka sauka. Bulus kuwa korarsa aka yi daga Tasalonika, bai tsara wa kansa gajeriyar ziyara ba. Hankalinsa bai kwanta ba sai da ya aiki Timoti ya dubo su, ya kuma bi su da wasiƙu. Inda aka bar shi ya zauna, zama ya yi: shekara ɗaya da rabi a Koranti yana ɗinkin alfarwa, wajen shekara uku a Afisa.

Haka kuma aka kafa ikilisiya a ƙasashen nan. Likita Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka sa wa suna Bature Mai Magani, ya iso Nijeriya a 1902, ya sa hannu a aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, ya rasu a Jos a 1948. 'Yan mishan na Assemblies of God da suka sauka Wagadugu a 1921 sai da suka durƙusa suka koyi More kamar yara. A 1948 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama EMS ta ECWA, masu bisharanta suka riƙa shiga ƙauyuka da matansu da fartanyarsu, suna noma tare da mutane, suna binne 'ya'yansu a can. Kusa kusa kuma ga Likita Ken Elliott da matarsa Jocelyn, mutanen Ostareliya, da suka zauna a Djibo tun 1972 suna aikin asibiti. Da 'yan bindiga suka sace su a Janairu 2016, mutanen Djibo, waɗanda galibinsu Musulmi ne, su suka fito fili suna roƙo a sako musu likitansu. An saki matar bayan 'yan makonni, shi kuwa sai a Mayu 2023, yana da shekara 88. Shekara arba'in da huɗu na zama ne suka sa garin ya yi kuka dominsa.

Yanzu ma maganar ta wuce ta asarar kuɗi, ta kai ga rai. Ranar Lahadi 28 ga Afrilu 2019 aka kashe Fasto Pierre Ouédraogo na Assemblies of God tare da mutum biyar a Silgadji, bayan an tashi sujada. An ba shi shawara ya bar garin tun kafin nan, ya ƙi. Mako biyu bayan haka, 12 ga Mayu, aka kashe Fada Siméon Yampa da masu sujada biyar a Dablo, a yankin Kaya, can inda hanyar Kossodo ta nufa. A ƙasar da abubuwa suka kai haka, shiga ƙauye da lasifika da majigi da kyamara nuna wa maƙiyi gidajen masu bi ne ɗaya bayan ɗaya. Baƙi za su kwana a birni lafiya. Wanda aka ɗauki hotonsa aka baza a Facebook yana nan inda aka bar shi.

Ba a ce kowace gajeriyar ziyara banza ce ba. Likitan fiɗa da ya je asibitin Galmi a Nijar na wata guda ya sami asibiti a tsaye tun 1950, da ma'aikatan da za su ci gaba da duba majiyyatansa bayan ya tafi. Magina da ikilisiyar ƙauye ta kira da bakinta su taya ta rufa jinka sun yi aikin kirki. Bambancin a fili yake: mai gida ne ya yi kiran, shi ya faɗi abin da yake bukata, shi kuma yake da ikon ya ce kada a zo bana. Kwamitin bishara da bai iya faɗin sunan wanda zai zauna a ƙauyen bayan tafiyar baƙi ba, da inda albashinsa zai fito na shekara biyar, bai kamata dattawa su sa masa hannu a takardar kuɗi ba.

Abin mamaki shi ne ƙauyen da ake neman zuwa da mota ya riga ya zo da ƙafarsa. A Maris 2023 hukumomin Burkina Faso sun ƙidaya mutum fiye da miliyan 2 da rikici ya raba da gidajensu. Kaya ta cika ta batse. Tun 2019 waɗansu mutanen Silgadji suka sauka a Pazani, a gefen arewacin Wagadugu, tafiyar babur ce daga Kossodo. Hausawan birnin nan ba baƙin wannan ciwo ba ne, gama a 2003 aka rushe Zangouettin, tsohon zangonsu, don aikin ZACA, aka watsa iyalai zuwa bayan gari. Masu bi da ke jin Hausa a Kossodo, ko ba su da yawa, sun san yadda ake sauke baƙo, sun san wanda yake ɗaukar lebura a mayanka da masana'antu, waɗansunsu kuma suna jin More da Fulatanci saboda kasuwa. Gwauruwar da ta gudo da 'ya'ya biyar tana bukatar ɗaki, da wanda zai raka ta neman takardar haihuwar yaran don makaranta ta karɓe su, da wadda za ta leƙa ta kowane mako ko akwai abin bayarwa ko babu. Kuɗin rigunan tafiyar rani ɗaya ya isa hayar ɗakin nan na watanni.